Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Tsakar Gida da na Unguwa

Duk gidan da yake da bishiya ko guda ɗaya a tsakarsa, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, tsuntsaye suna shigarsa kullum fiye da yadda mutanen gidan suke zato. Abin da ya sa ba a lura da su shi ne yawancinmu mun kasa su gida uku mun huta: kurciya, hankaka, sai "'yan tsuntsaye". Alhali a cikin waɗannan 'yan tsuntsaye da ake haɗa wa suna ɗaya akwai iri biyar ko shida, kowanne da irin bakinsa, da abincinsa, da lokacin zuwansa. Sanin su ba ya bukatar shiga daji ko kashe kuɗi. Wuri ɗaya ake so, da lokaci ɗaya, da ɗan ruwa a kasko, da littafin rubutu.

Wurin zama da lokaci

Ka zaɓi inda za ka zauna bayanka na jingine da bango ko gindin bishiya, don kada siffarka ta fito fili. Rana ta kasance a bayanka: da safe ka fuskanci yamma, da la'asar ka fuskanci gabas. In ka fuskanci rana, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka, ja da shuɗi da rawaya duk su ɓace. Wannan shi ne kuskuren da ya fi hana sabon shiga gane abin da yake gabansa.

Lokacin da ya fi shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, domin sun kwana da yunwa, kowa na neman abin kai wa baki. Sai kuma daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Da hunturu sukan makara. Za ka same su jere a kan katangar da hantsi yake fara duka, sun kumbura gashinsu suna shan rana. Da bazara kuwa, in akwai ruwa a gidan, har tsakar rana ba a rasa baƙi.

Da ka zauna, minti goma na farko wataƙila ba za ka ga komai ba. Zuwanka ne ya kore su, kuma suna nan kusa suna dubanka. Kada ka tashi. Ka ba wurin minti 20 zuwa 30. Motsi ya fi magana korar tsuntsu: ana iya hira ƙasa-ƙasa ya ci gaba da kiwonsa, amma da an ɗaga hannu an nuna shi, sai ya tashi. In kuna biyu, ku riƙa kwatance da baki, "reshen dama na darbejiya, ƙasa da wayar wuta". Farar riga mai sheƙi ana hango ta daga nesa. Tufa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka ta fi. In ka riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya mako guda ko biyu, za su ɗauke ka kamar turmi ko randar gidan.

Ruwa ya fi hatsi jawo su

A ƙasar da take yin wata bakwai ko takwas ba ruwan sama, babu abin da yake tara tsuntsaye kamar ruwa. Hatsi masu cin tsaba kawai yake kira. Ruwa kuwa kowa na bukatarsa, mai cin tsaba, da mai cin ƙwari, da mai cin 'ya'yan itace. Ga kuma lada, tunda hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta.

Ka nemi kaskon yumɓu mai faɗi, kamar santimita 30 zuwa 40. Yumɓu ya fi roba da ƙarfe saboda dalili biyu: yana riƙe sanyi, kuma yana da kaushin da ƙafar tsuntsu take kamawa. Tasar silba tana santsi, tana ɗaukar zafi, ƙyallinta kuma yana firgita su. Zurfin ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu a tsakiya, wato santimita 4 zuwa 5, a gefe kuwa santimita 1 zuwa 2. Ƙaramin tsuntsu ba ya iyo. Tsayawa yake yi ruwan ya kai masa ciki, ya tsoma kai, ya kaɗa fiffike. In kaskon ya yi zurfi, ka jera tsakuwa ko ɓallin bulo a ciki, wasu su leƙo saman ruwan. Bokiti da baho ba su dace ba sam. Tsuntsun da ya zame ciki da jiƙaƙƙen gashi ba ya iya fita, kuma haɗari ne ga yaro mai rarrafe.

Inda za a ajiye shi yana da ƙa'ida. A inuwa, don kada ya yi zafi ya ƙafe kafin azahar. Tsakaninsa da bishiya ko shinge mafi kusa ya zama taku uku zuwa huɗu, wato mita 2 zuwa 3. In ya manne da duhuwa, kyanwa ta samu maɓoya. In ya yi nisa a fili fetal, ba su da wurin gudu in shaho ya kawo farmaki, su ma sun san haka, sai su ƙi sauka. Gidan da yake da kyanwa, a ɗora kaskon a kan kututture ko tsohon turmi da aka kife. Ka kafa busasshen reshe kusa da shi. A nan suke fara sauka su duba hanya, a nan kuma suke komawa su gyara gashi bayan wanka, kuma a nan ne za ka fi ganinsu sosai.

In kwana uku sun wuce ba wanda ya zo, kada ka ɗauke kaskon ka canza masa wuri. Sabon abu sai sun gwada shi da ido, wani lokaci har mako biyu. Akwai dabarar da take gaggauta abin: ka huda gindin gorar roba da allura, ka cika ta, ka sassauta murfin kaɗan, ka rataye ta sama da kaskon ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. Ƙarar ɗigon da motsin ruwan suna jawo tsuntsun da yake wucewa ta sama.

Sai tsabta, kuma a nan ne alheri yake iya komawa cuta. Ka zubar da ruwan kullum ka sa sabo. Sauro yana tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kamar mako guda zuwa kwana goma, don haka ruwan da ake canzawa kullum ba ya haifar da shi, amma wanda aka manta da shi zai haifar. Sau ɗaya a mako ka goge kaskon da soso na musamman, ba na kwanukan abinci ba, ka cire gansakuka da kashi, ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Akwai ciwon maƙogwaro da yake kama kurciyoyi da tattabaru, wanda yake yaɗuwa ta ruwan sha. In ka ga kurciya ta takure, gashinta a hargitse, tana ƙoƙarin haɗiya tana kasawa, ko bakinta na dalala, ka ɗauke kaskon gaba ɗaya na mako biyu, ka wanke shi da bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, ka ɗauraye sosai. Kada kuma kajin gida su yi tarayya da tsuntsayen waje a mazubi ɗaya. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka ne a jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006, ta kuma sha dawowa tun daga nan. Mai kiwon kaji da yawa gara ya haƙura da kasko, ya yi kallonsa a bakin bishiyoyin unguwa.

Da zafi ƙudan zuma ma sukan mamaye ruwan. Ka yi musu nasu a wata kusurwa, faranti cike da tsakuwa da ɗan ruwa.

Abinci

Tafi ɗaya na gero, ko acca, ko tsakin dawa ko na masara, da safe, a kan ƙasa mai tauri da aka share ko a tsohon faifai. Ma'aunin shi ne ya ƙare kafin hantsi ya ɗaga. Abin da ya kwana na ɓeraye ne da tururuwa. Ɓarin gwanda ko mangwaro da ya nuna sosai, a soke shi a reshe, yana kawo waɗanda ba ruwansu da hatsi.

Abu uku kada su kusanci wurin: hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ragowar abinci mai gishiri da mai, da irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda akan gane shi da launin ja ko shuɗi. Wannan na ƙarshe guba ne kai tsaye. Wanda yake da fili kuwa, shuka ta fi watsa hatsi. Ceɗiya, durumi da ɓaure in sun yi 'ya'ya ba sa rabuwa da tsuntsaye, furen zogale yana kawo sha-kauci, ƙayar magarya kuma maɓoya ce da wurin sheƙa.

Yadda ake duban tsuntsu

Sabon shiga launi yake fara kamawa, kuma launi ne ya fi yaudara, domin yana canzawa da haske, da shekaru, da jinsi, da damina ko rani. Ka bi wannan jerin maimakon haka.

Girma tukuna. Ka riƙe ma'auni uku da kowa ya sani: gwara, kurciya, hankaka. Ya kai gwara ko bai kai ba? Tsakanin gwara da kurciya yake? Sai baki. Gajere mai kauri kamar ƙwayar masara na mai fasa tsaba ne. Siriri miƙaƙƙe na mai cin ƙwari ne. Siriri lanƙwasasshe na mai shan ruwan fure ne. Mai ƙugiya na mai farauta ne. Sai wutsiya: doguwa ko gajeriya, bakinta a daidaice yake ko a tsage. Sai hali: a ƙasa yake kiwo ko a reshe, tsalle yake yi ko taku, shi kaɗai ko a garke. Bayan waɗannan ne za ka zo kan launi, kuma ba "ja ne" kawai ba. Ja a ina? Kai, ƙirji, kunci, ko gindin wutsiya?

Muddin tsuntsun yana gabanka, kada ka sunkuya neman littafi ko waya. Littafi yana nan, tsuntsu ba ya jira. Ka faɗi abin da kake gani a zuciyarka, in ya tashi ka rubuta.

Kuka ma alama ce, sau da yawa ta fi ido. Ka bi murya guda har ka ga bakin da take fita, ka sa mata kalmomi na kanka don ka riƙe ta. Iri ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Waɗanda za ka fara gani

Ka fara da kurciyoyi, don suna zama su bari a dube su. Wadda ta fi yawa a cikin gari tsawonta kamar santimita 25 ne, kanta da ɗan ja-ja, ƙirjinta da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa, gefen fiffikenta toka mai shuɗi-shuɗi, in ta tashi kuma sai ka ga fari a kusurwoyin wutsiyarta. Ba ta da baƙin zobe a ƙeya. In ka ga mai baƙin layi a bayan wuya, to wata ce daban, kuma masu wannan layin ma iri-iri ne, sai a raba su da girma da kuka. Hasbiya ta kai tattabara girma, fiffikenta ja-ja da ɗigon fari, ga jar fata kewaye da ido. Kan rufi da dogayen gine-gine take so. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijin da baƙar fuska. Ka lura da su a bakin kasko: dangin kurciya suna tsoma baki su zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, yawancin sauran kuwa sai sun ɗiba sun ɗaga kai ruwan ya gangara.

Sai 'yan ƙananan da suke tsince-tsince a gindin turmi. Baiwar Allah ba ta wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne, da siririn zobe rawaya a ido, da 'yan ɗigon fari a gefen ƙirji waɗanda sai an matso ake gani. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata a gindin wutsiya yake da ɗan tabo gaban ido. Ba ta tsoron mutane, har ɗaki take shiga, takan yi sheƙa a jinka ko a ramin bango. Asisi ya ɗan fi ta tsawon wutsiya, ƙirjinsa shuɗi mai haske, bayansa ruwan ƙasa. Namiji yana da jan tabo a kunci, mace ba ta da shi. Gwara ta fi su duka kauri, kanta toka, bayanta jan ƙasa.

Inda baiwar Allah take da yawa, ka sa ido daga ƙarshen damina a kan wayar wuta ko ƙololuwar bishiya. Za ka ga wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi, bakinsa fari-fari, ƙafarsa ja, yana ta rera waƙa a wuri ɗaya. Wannan ba ya yin sheƙa. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, a ƙyanƙyashe ɗanta a rene shi tare da 'ya'yan gida. In ka saurara da kyau za ka ji yana cusa kukan baiwar Allah a cikin waƙarsa, don shi ya tashi yana ji. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi kuwa gidan da ya sani ke nan. Haka kirarin nan na "hankaka mai da ɗan wani naka" yana da tushe: akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ɗigon fari a baya da yake saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankaka ya rena.

Akwai wani mai ruwan ƙasa, kansa ya fi jikinsa duhu da ɗan tukku, bai kai kurciya ba, wanda littattafai suke kira bulbul. Yana cikin masu fara kuka da asuba, kuma shi ne zai fara zuwa kan gwandarka. Shaya baƙa ce daga nesa, amma in rana ta doke ta sai ta yi ƙyallin shuɗi da kore, ga ido rawaya. Taku take yi a ƙasa da ƙarfin hali. Sha-kauci ɗan mitsitsi ne mai lanƙwasasshen baki, ba ya zama wuri ɗaya; namijin na sheƙi, macen ba ado.

Ka ɗaga kai sama kuma. Shirwa ana gane ta da tsagaggiyar wutsiya da take murɗawa tana juya jiki. Ƙaramin shaho mai bayan toka da jan ido ba ya shawagi irin nata. Daga cikin ganye yake fitowa kamar kibiya. In tsakar gida ta yi tsit farat ɗaya, ko 'yan tsuntsaye suka fashe da ƙara suka faɗa cikin ƙaya, ka duba, yana kusa. Tsattsewa suna ɗaya ne a bakinmu amma gida biyu ne. Wadda take sauka a kan waya ta huta daban. Wadda fiffikenta yake kamar lauje, baƙa da farin gindi, mai sheƙa cunkus a ƙarƙashin gada ko rufin masallaci, ba ta sauka a waya ko a ƙasa, a sama take ci take sha. Wata siririya mai ruwan toka kuma ba ta nisa da giginya, don a jikin ganyenta take manna sheƙa da yawu, ta manna ƙwan ma a ciki.

Ungulu fa, in ka gan ta, ka rubuta rana da wuri da adadi. Wadda a da take cika mahauta da kasuwa ta ragu ƙwarai, har a 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Guba da cinikin sassan jikinta suna cikin manyan dalilai. Mujiya kuma da ake jifa in ta yi kuka a kan soro, ɓeraye take ci, kuma gidan da yake da rumbu ya fi kowa cin moriyarta.

Sunayen nan sukan bambanta daga gari zuwa gari, wani sunan ma tsuntsu biyu ko uku yake ɗauka. Ka tambayi tsofaffi, da makiyaya, da manoman fadama, ka rubuta sunan da suka ba ka tare da siffar da ka gani.

Damina da rani

Abin da ya fi rikita mai koyo shi ne canjin riga. Da damina namijin marai rawaya ne shar, kansa baƙi, idonsa ja, yana rataye a ƙarƙashin sheƙar da ya saƙa da tsagin ɗanyar ciyawa ko na kaba, yana kaɗa fiffike yana kiran mace. In ta duba ba ta yi mata ba, yakan warware ta ya sake wata. A gonar gero kuma ga wani ja da baƙi kamar garwashi, yana kumbura yana tashi sama-sama. Da kaka ta wuce sai a neme su a rasa. Ba tafiya suka yi ba. Gashin ado suka zubar suka koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar matansu. Garken 'yan tsuntsaye marasa ado da kake gani da rani, da yawansu su ne. A lokacin sai ka koma kan baki da girma, kuma ba laifi ba ne ka rubuta "dangin marai" ka tsaya nan.

Wasu kuwa tafiyar gaske suke yi. Daga wajen Satumba da Oktoba baƙi suke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, su zauna har Maris ko Afrilu. A cikinsu akwai wani siriri mai rawayan ciki da yake bin ƙafafun shanu a wuri mai laima yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Wanda yake son ganin wannan ƙaura da yawanta, fadamun Haɗeja zuwa Nguru ne wurin zuwa da hunturu.

Madubin hango nesa

Ba dole ba ne a tsakar gida. In za ka saya, nemi mai lamba 8x42 ko 8x32. Lambar farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Kada babbar lamba ta ruɗe ka: wanda ya wuce 10 rawa yake yi a hannu, filin da yake nunawa kuma ƙunci ne, kafin ka samo tsuntsun ya tashi. Kafin ka biya, ka duba wayar wuta da shi. In ta zama biyu, ko idonka ya fara ciwo, gilasansa sun goce, ka ajiye.

Saita shi sau ɗaya ake yi. Ka lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya dabaran tsakiya har rubutun wani allo mai nisan mita 20 ya fito wa idon hagu sarai. Sai ka rufe na hagu, ka juya zoben da yake jikin idon dama kaɗai har shi ma ya fito. Daga nan dabaran tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Wajen nemo tsuntsu, ka kafa masa ido, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. Ƙurar hunturu kuwa, hure ta ake fara yi kafin a goge da ƙyalle mai laushi. Gogewa da bakin riga yana kankare gilashin. Kada a taɓa duban rana da shi, kuma a gaya wa yara haka.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a unguwanninmu. Kada ka hau soro ko katanga da madubi ko kyamara ta inda ake hango tsakar gidan maƙwabta. Ko da tsuntsu kake kallo, ba wanda zai karɓi wannan uzuri, kuma da gaskiyarsu. In za ka zaga unguwa, ka sanar da mai unguwa da dattawan layi abin da kake yi, ka miƙa wa mai tambaya madubin ya duba da kansa. Ka nisanci bariki, ofishin 'yan sanda, shingen jami'an tsaro da filin jirgi.

Sheƙa da 'ya'ya

In ka gano sheƙa, daga nesa za ka kalla, kuma kada ka nuna wa yaran da suke yawo da danƙo. Yawan zuwa yana sa uwa ta tashi daga kan ƙwai, rana ta dafa su, hankaka kuma yana lura da inda mutum yake yawan leƙawa. Ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa, in gashinsa ya fito yana tsalle, koyon tashi yake yi, iyayensa na kusa. A ɗora shi a reshe, a tsare kyanwa. In tsirara yake, a mayar da shi sheƙarsa. Zancen cewa uwa za ta ƙi shi don hannu ya taɓa shi ba haka ba ne. Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shiga huhunsa. Mataccen tsuntsu kuwa ba a ɗaukarsa da hannu tsirara. A sa leda, a binne, a wanke hannu da sabulu. In sun mutu da yawa a wuri ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Rubutu

Kowane zama ka rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, yanayin gari, sai sunaye da adadi. Wajen ƙirga, adadi mafi yawa da ka gani a lokaci guda shi ne naka. In kurciya uku sun zo, suka tafi, biyar suka zo, biyar za ka rubuta ba takwas ba, don wataƙila ukun farko suna cikinsu. Garke mai yawa, kamar balbelu masu komawa makwanci da magariba, ka ƙirga goma, ka riƙe girman goman a ido, ka auna sauran da shi. Wanda ba ka gane ba ka zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya zuwa inda launi yake.

Manhajar Merlin da eBird, na jami'ar Cornell ta Amurka, kyauta ne. Ta farko tana taimakawa wajen gano suna, ta biyu wajen adana lissafi. Amma abin da waya ta faɗa shawara ce, sai ido ya tabbatar. A Najeriya akwai aikin taswirar tsuntsaye da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta tun 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna tura abin da suka gani ta manhajar waya. Lissafin kurciya da gwara daga unguwar da ba wanda ya taɓa turowa yana da amfani a wurinsu.

A shafin ƙarshe na littafin ka ware wuri don ranar farko da ranar ƙarshe da ka ga kowane baƙo a shekara. Ka fara da shamuwa: baƙa mai farin ciki, wadda take isowa gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta yi kiwon fara a gonaki, sannan da kaka ta nufi kudancin Afirka. Ka rubuta ranar da ka fara ganinta, a gefe kuma ka bar gurbin ranar da ruwan farko ya sauka.